Dorugu: Yaron da Ya Koyar da Dattijo

An haifi Dorugu wajajen 1839 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Mahaifinsa makaɗi ne kuma manomi. Yana ƙarami aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa, aka kai shi Kukawa ta Barno. A can Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ɗauke shi aiki tare da Abbega, wani yaro ɗan Margi. Da shi aka bi ta Sakkwato da Gwandu da Birnin Kabi a 1853 har zuwa Tambutu, sa'an nan a 1855 suka ƙetare Sahara, suka isa Ingila.

A Ingila ne ya haɗu da James Frederick Schön, limamin Kirista da aka haifa a 1803. Tun tafiyar Kogin Kwara ta 1841 Schön yake fama da nazarin Hausa domin fassara Littafi Mai Tsarki, alhali bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Ya karɓi yaron a gidansa da ke Chatham, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya koya masa karatu da rubutun boko da addininsa. A 1857 aka yi wa Dorugu baftisma, aka sa masa suna James Henry.

Sai dai koyarwar ba ta tsaya ta fuska ɗaya ba. Dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai ya koma almajiri a gaban yaron da bai kai ashirin ba. Dorugu yana faɗi, Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, da labarin tafiye-tafiye, da tarihin ƙuruciyarsa, inda ya farfaɗo da gonar ubansa da gangarsa. Abin da ya sha a nono shi ne ya zama jarin malamin. Fassarar Matiyu da Yohanna da Ayyukan Manzanni ta fito a 1857, littafin nahawu a 1862, ƙamus a 1876, Magana Hausa kuma a 1885. Uban riƙo ya ba ɗa addini, ɗa kuwa ya ba shi harshen da zai isar da addinin. Amma sunan Schön ne a bangon littattafan.

Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta a Lakwaja. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, a Nasarawa ta Kano, inda ya rasu a 1912. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka buga labarinsa da Ingilishi.

Ga manazarta, maganarsa shaida ce ta karin harshen Damagaram na tsakiyar ƙarni na 19, kuma tana cikin zube na farko-farko da aka rubuta da boko. Duk mai tsara tarihin rubutacciyar Hausa ya kamata ya ajiye Dorugu a sahun mawallafa, kafaɗa da kafaɗa da dattijon da ya riƙe alƙalami.