Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1865–1944)

Marigayi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, yana riƙe da sarautar Durɓi sa'ad da Turawa suka shigo Katsina a 1903. A 1906 suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa, suka ɗora shi bisa gadon sarautar da gidansu bai taɓa riƙewa ba. Ya tarar da fada a rabe, ga masu ganin an ƙwace musu gadonsu, ga Turawa masu neman haraji. A daidai wannan lokaci ne kuma Ingila da Faransa ke kafa alamun iyakar da ta raba mu Jibiya da 'yan'uwanmu na Maraɗi.

Babban gwajinsa shi ne kafa Baitulmali. Sai da ya shawo kan hakimai su bar ɗibar rabonsu daga haraji, su koma karɓar albashi, ya kuma fara da kansa. Wanda ya fara sadaukar da nasa, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa.

Ya sauke farali a 1921. Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.