John Robinson: Daga sharar aji zuwa horar da matuƙan jiragen Habasha

Ranar 26 ga Mayu, 2023, kwana uku kafin gwamnatin Muhammadu Buhari ta sauka daga mulki, aka nuna wa 'yan ƙasa wani jirgi ƙirar Boeing 737 a Abuja ɗauke da sunan Nigeria Air. Ba a jima ba ta bayyana cewa jirgin mallakar kamfanin Ethiopian Airlines ne, kuma ya koma Addis Ababa ya ci gaba da jigilarsa. An sha cece-kuce kan wanda ya kawo shi da abin da aka kashe. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda aka yi Habasha, wadda ba ta da arzikin man fetur, ta kai matsayin da Najeriya za ta nemi aron jirgi a wurinta. Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin wani malamin tuƙin jirgi, baƙar fatan Amurka, wanda aka binne a Addis Ababa a 1954.

Ilimin da aka ɗauka da tsintsiya a hannu

An haifi John Charles Robinson a jihar Florida a 1903, ya tashi a garin Gulfport na jihar Mississippi, a zamanin da doka ta raba baƙi da farare a makaranta da asibiti da motar haya. A 1921 ya shiga kwalejin Tuskegee ta baƙaƙen fata da ke Alabama, ya koyi kanikancin mota. Neman aiki ya kai shi Detroit, daga nan ya zarce Chicago, inda makarantar koyon aikin jirgin sama ta Curtiss-Wright take.

Makarantar ta ƙi karɓarsa saboda launin fatarsa. Sai ya nemi aikin shara, aka ba shi. Yakan tsaya a bayan aji yana aikinsa yana sauraron darasi, in ɗalibai sun watse ya kwafi abin da ya rage a kan allo. Da abin da ya tsinta, shi da abokansa suka harhaɗa ƙaramin jirgi ƙirar Heath Parasol suka sa masa injin babur. Da malaman suka ga aikin, sai aka buɗe masa ƙofar da aka rufe. A 1931 ya kammala tare da abokinsa Cornelius Coffey, makarantar kuma ta ɗauke shi ya koyar da ajin ɗalibai baƙaƙen fata.

Matsala ba ta ƙare a aji ba. Yawancin filayen jirgin sama na yankin ba sa barin baƙar fata ya tashi ko ya sauka. Robinson da ɗalibansa suka kafa ƙungiyar Challenger, suka share fili da hannunsu a Robbins, wani ƙaramin gari na baƙaƙen fata a gefen Chicago. Wata ma'aikaciyar jinya daga cikinsu, Janet Harmon, ta sayi jirgin farko da kuɗin albashinta. Guguwa ta rushe rumfar jiragen a 1933, suka koma wani filin suka ci gaba.

A 1934 ya je Tuskegee ya roƙi tsohuwar makarantarsa ta buɗe sashen koyon tuƙi. Ba a amsa masa a lokacin ba. Bayan 'yan shekaru aka buɗe, kuma daga can matuƙa kusan 1,000 suka fito a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa ake masa laƙabi da uban matuƙan Tuskegee.

Yaƙin da babu daidaito

A 1935 Italiya ƙarƙashin Mussolini tana shirin mamaye Habasha, ƙasar da ta kunyata sojojinta a Adwa a 1896. Robinson ya miƙa kansa, ya isa Addis Ababa kafin yaƙi ya ɓarke ranar 3 ga Oktoba. Sarki Haile Selassie ya ba shi muƙamin kanar, ya damƙa masa jagorancin ƙaramar rundunar sama. Jiragen 'yan ƙalilan ne, akasarinsu tsofaffi ƙirar Potez ta Faransa marasa makamai, alhali Italiya ta zo da ɗaruruwa, tana kuma zuba wa sojoji da ƙauyuka iskar guba.

Aikinsa shi ne kai saƙonni da magunguna tsakanin fada da bakin daga, da leƙen asirin abokan gaba, da horar da matasan Habasha tuƙi da gyara. Ya samu rauni a wannan aiki. Jaridun baƙaƙen fata na Amurka suka sa masa sunan Brown Condor, wani ƙaton tsuntsu dangin ungulu. Addis Ababa ta faɗi ranar 5 ga Mayu, 1936, shi kuma ya koma gida, dubban mutane suka tarye shi. Bai zauna cin suna ba: ya buɗe makarantar tuƙi ta kansa a Chicago.

Abin da malamin tuƙi yake yi

A 1944, shekara uku bayan an kori Italiya, ya sake komawa Habasha tare da wasu 'yan ƙwararru baƙaƙen fata, suka kafa makarantar horar da matuƙa. A nan aikinsa mafi ɗorewa yake.

Jirgin koyo yana da sitiyari biyu, na ɗalibi da na malami. Malami yana barin ɗalibi ya yi kuskure har ya gane shi da kansa, amma dole ya karɓe jirgin kafin kuskuren ya zama ajali. Yana koya masa yadda zai farfaɗo da jirgi idan gudunsa ya ragu har fukafukai suka daina ɗaukarsa, da yadda zai zaɓi wurin sauka idan inji ya mutu a sama. Hukunci mafi nauyi shi ne na ranar da malami zai sauko ya bar ɗalibi ya tashi shi kaɗai. A Addis Ababa, wadda ke bisa tsaunin da ya haura mita 2,300, iska ba ta da kauri, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, jirgi kuma yana buƙatar doguwar hanya kafin ya ɗaga. Kasancewar Robinson bakanike tun asali ya dace da ƙasar da kayan gyara ke wuyar samu, inda matuƙin da bai san injinsa ba yake cikin haɗari.

Cikin waɗannan shekaru aka kafa kamfanin jiragen saman Habasha, a Disamba 1945, da taimakon kamfanin TWA na Amurka. Jirginsa na farko ya tashi zuwa Alƙahira ranar 8 ga Afrilu, 1946. Amurkawa ne suka riƙe tuƙi da shugabanci da farko, amma an ci gaba da horar da 'yan ƙasa, har a 1971 ɗan Habasha ya zama shugaban kamfanin.

Robinson bai daɗe a rundunar ba. Gwamnati ta ɗauko 'yan Suwidin ƙarƙashin Carl Gustaf von Rosen don su gina ta. Saɓani ya shiga tsakanin mutanen biyu har ya kai ga dambe, kuma marubuta tarihin Robinson sun danganta rikicin da wariyar launin fata. Fada ta zaɓi dangantakarta da Suwidin, Robinson ya ajiye aiki a 1948. Wannan von Rosen ne ya jagoranci ƙananan jirage biyar a Mayu 1969 ya kai wa filayen jirgin Fatakwal da Benin da Inugu hari a madadin Biyafara.

Duk da haka Robinson bai bar Habasha ba. A Maris 1954 jirgin da yake tuƙawa ya faɗi a Addis Ababa, ya ƙone sosai, ya rasu bayan mako biyu. An binne shi a maƙabartar Gulele.

Abin da ya shafi Najeriya

A 1962, lokacin da Najeriya ke shirin kafa rundunar sojan samanta, rukunin farko na ɗalibanta Habasha aka tura, kafin wasu su tafi Kanada da Indiya. A 1964 aka kafa rundunar bisa doka, kuma a shekarar aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Ƙasar tana da kamfaninta, Nigeria Airways, tun 1958, amma bashi da rashin iya gudanarwa suka kashe shi a 2003. Kamfanin Habasha kuwa ya ratsa juyin mulkin 1974 da yunwa da yaƙe-yaƙe, ya zama mafi girma a Afirka, yana sauka a Kano da Abuja da Legas, makarantarsa kuma tana horar da matasan ƙasashe da dama.

A 2024 aka ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na Gusau, kamar yadda jihohi da yawa suka gina nasu. Ɗan kwangila zai iya shimfiɗa titin jirgi cikin shekara biyu, amma matuƙi da injiniya da mai kula da zirga-zirgar jirage sai an yi shekaru ana koyar da su, kuɗin karatun kuma ya fi ƙarfin ɗan manomi daga Bilbis ko Bunguɗu. Don haka akwai alƙaluman da ya kamata matasan Zamfara su nema a kasafin kuɗin jiharsu kowace shekara: ɗalibai nawa aka ɗauki nauyinsu zuwa Zariya, ta wace hanya aka zaɓe su, kuma nawa ne suka kammala.