Michael Faraday

Michael Faraday (an haife shi a ranar 22 ga watan Satumba, 1791, ya rasu a ranar 25 ga watan Agusta, 1867) masanin kimiyya ne ɗan ƙasar Ingila. Ya yi suna wajen binciken wutar lantarki da maganaɗisu da kimiyyar sinadarai. Shi ne ya kafa dokoki biyu na ilektirolisis, wato rarraba sinadari zuwa ainihin abubuwan da suka haɗa shi ta hanyar ratsa shi da wutar lantarki.

Farkon rayuwa

An haifi Faraday a unguwar Newington Butts, wadda a yau take kudancin birnin Landan. Mahaifinsa, James Faraday, maƙeri ne talaka, don haka yaron bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wajen George Riebau, mai sayar da littattafai da yi musu bango. Ya shafe shekara bakwai a shagon, yana karanta littattafan da ake kawo masa ya ɗinke. Littafin Jane Marcet a kan kimiyyar sinadarai na daga cikin waɗanda suka ja hankalinsa zuwa wannan fanni.

Aiki da Humphry Davy

A shekarar 1812 Faraday ya halarci laccocin Humphry Davy a cibiyar Royal Institution da ke Landan. Davy ne ya fara ware sinadaran fotasiyom da sodiyom a 1807 ta amfani da batir. Faraday ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika wa Davy tare da neman aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. Daga 1813 zuwa 1815 ya raka Davy tafiya Faransa da Italiya da Suwizalan, inda ya sadu da masana irin su Ampère da Volta.

A 1821 ya auri Sarah Barnard, kuma a wannan shekarar ya nuna cewa wutar lantarki tana iya juya waya a kewayen maganaɗisu, wanda shi ne tushen injinan da lantarki ke juyawa. A 1825 ya gano sinadarin benzin. A 1831 ya gano cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da wutar lantarki, kuma a kan wannan ne janareta da taransifoma suke aiki.

Binciken ilektirolisis

Kafin Faraday an san cewa lantarki yana rarraba wasu sinadarai, amma ba a iya faɗin yawan abin da zai fito ba. A 1833 ya lura cewa wasu nau'o'in gishiri ba sa barin lantarki ya ratsa su idan suna a daskare, sai an narkar da su. Dalilin da aka fahimta daga baya shi ne, ƙwayoyin da ke ɗauke da caji a ɗaure suke cikin daskararren gishiri, sai ya narke ko an jiƙa shi a ruwa suke samun damar motsi.

A 1834, da shawarar William Whewell na Jami'ar Kambirij, ya fito da kalmomin anod da katod da ayon. Ayon mai cajin tarawa (+) yana tafiya katod, mai cajin ɗebewa (−) kuma yana tafiya anod. Misali, idan aka ratsa narkakken gishirin abinci da lantarki, sodiyom yana taruwa a katod, iskar kulorin kuma tana fita a anod.

Dokokinsa biyu su ne:

1. Nauyin abin da ya taru a katod ko anod yana ƙaruwa daidai da yawan cajin da ya ratsa. Ana samun cajin ne ta hanyar ninka ƙarfin wutar da tsawon lokacin.
2. Idan caji iri ɗaya ya ratsa sinadarai daban-daban, nauyin kowanne ya danganta ga nauyin mol ɗinsa bayan an raba shi da adadin cajin ayon ɗinsa.

Cajin mol ɗaya na ilektiron kusan kulom 96,500 ne, kuma ana kiran wannan adadi da sunan Faraday. Wannan caji yana tara giram 108 na azurfa, amma kusan giram 32 kawai na jan ƙarfe, domin kowane ayon na jan ƙarfe ilektiron biyu yake buƙata. Saboda haka amfiya 2 na tsawon sakan 965 suna ba da kulom 1,930, wanda ke tara kusan giram 0.64 na jan ƙarfe. Faraday ya kai ga dokokin ta hanyar awo kawai, domin ba a gano ilektiron ba sai a 1897, shekara 30 bayan rasuwarsa.

Ƙarshen rayuwa

Sau biyu ana yi masa tayin shugabancin ƙungiyar Royal Society yana ƙi. Ya kuma ƙi taimaka wa gwamnati wajen haɗa makamai masu guba lokacin Yaƙin Kirimiya. A 1858 ya koma wani gida a Hampton Court da Sarauniya Victoria ta ba shi, inda ya rasu yana da shekara 75. An binne shi a maƙabartar Highgate da ke Landan. Bai bar 'ya'ya ba.

Tasiri

Dokokin Faraday suna cikin manhajar kimiyyar sinadarai ta jarrabawar WAEC da NECO, wadda ɗaliban sakandare ke rubutawa a Katsina da sauran jihohin Najeriya. Da su ake lissafi wajen tace jan ƙarfen wayoyin lantarki, da shafa wa kayan ado ruwan zinariya ko azurfa, da fitar da alminiyom ɗin da ake ƙera tukwanen da ke kasuwannin Katsina. An kuma sa wa ma'aunin farad sunansa.