Robert Koch, Likitan Karkara Da Ya Ɗauki Hoton Ƙwayar Cuta

Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe jami'o'i a 2020, ɗaliban likitanci da dama sun koma ɗaukar darasin ƙwayoyin cuta ta intanet. Maimakon su leƙa madubin ɗakin gwaji, sai malami ya nuna musu hoton ƙwayar a kwamfuta. Mutumin da ya fara wallafa irin wannan hoto, tun a 1877, shi ne Robert Koch.

An haife shi a Clausthal ta ƙasar Jamus a 1843, ya gama karatun likita a Göttingen a 1866. Daga baya ya zama likitan gunduma a wani ƙaramin gari, Wollstein, inda cutar saifa ke ta kashe shanu da tumaki. Ba shi da ɗakin gwaji na kirki. A gidansa ya riƙa gwaji da ɓeraye, har a 1876 ya tabbatar cewa wata ƙwaya mai kamar sanda ce ke kawo cutar.

Sai dai gani daban, gamsar da wanda bai gani ba daban. A lokacin zane masana ke yi da hannu, kowa da irin nasa, gardama ba ta ƙarewa. Koch ya shanya ƙwayoyin a kan gilashi, ya rina su, ya ɗauke su hoto, don likitan da ke wata ƙasa ya ga abin da shi ya gani. A ganina wannan bai gaza sauran bincikensa daraja ba.

Ranar 24 ga Maris 1882 ya sanar da gano ƙwayar tarin fuka. Shi ya sa duniya ke tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. Da kwalara ta ɓarke a Masar a 1883 aka tura shi can, ya zarce Kalkata ta Indiya, inda ya sami ƙwayar mai siffar waƙafi a ruwan tafkin da mutane ke sha. Da ya koma Barlin sai ya shiga koya wa likitoci yadda za su gane ta. Har daga Japan an zo ɗaukar karatu wurinsa.

Ya yi tuntuɓe kuma. Maganin tarin fuka da ya fitar a 1890 bai warkar ba, wasu majinyata ma suka mutu. Duk da haka ya sami kyautar Nobel a 1905, ya rasu a 1910. Cibiyar da ke ɗauke da sunansa a Barlin ita ta riƙa fitar da alƙaluman korona na Jamus.