Tarihin Bikta Shostorom, Marayan da Ya Nuna wa Suwidin Halin Marayu

A can ƙarshen arewacin Turai akwai wata ƙasa mai tsananin sanyi da yawan itatuwa, ana ce da ita Suwidin. A nan aka haifi Victor Sjöström, wanda a ke furta sunansa Bikta Shostorom, ran 20 ga Satumba, 1879, a lardin Värmland. Sana'arsa wasan kwaikwayo ce, a dandali da cikin majigi, ya kuwa yi fiye da shekara 60 a cikinta. Abin da ya sa labarinsa ya cancanci a ji shi ne, ya mai da sana'ar da mutane suka ɗauka ta shagala ta zama hanyar tunatarwa game da haƙƙin raunana.

A zamanin nan talauci ya kori mutanen Suwidin fiye da miliyan ɗaya zuwa Amurka. Ubansa ma ya bi sahu, ya kwashe iyali a 1880 zuwa unguwar Buruklin ta birnin Niyok, Bikta yana goye. A can uwarsa ta rasu a 1886, bai wuce shekara bakwai ba. Daga baya aka mai da shi Suwidin wajen dangi. Da ya kai shekara 17 sai ya shiga ƙungiyar 'yan wasa masu yawo, suna bin gari gari kamar fatake, wata rana a samu, wata rana a kwana da yunwa, har ya gwanance ya zama shugaban ƙungiya.

A 1912 Charles Magnusson, shugaban wani kamfanin majigi, ya ɗauke shi aiki a Sitokholm, babban birnin ƙasar. Majigin lokacin nan bebe ne, watau hoto ne mai motsi ba murya, sai a gane magana ta fuska da ɗan rubutu. A 1913 Bikta ya shirya wani wasa mai suna Ingeborg Holm. Labarin wani ɗan kasuwa ne da ya buɗe kanti da bashi, ciwo ya kama shi ya mutu, kanti ya karye. Aka kai matarsa gidan gajiyayyu na hukuma, aka rarraba 'ya'yanta uku ga masu riƙo. Ran da ta sadu da ƙaraminsu bai shaida ta ba, sai hankalinta ya gushe. Abin da ya nuna ba ƙage ba ne, haka a ke yi da matalauta a ƙasar a lokacin. Wasan ya ta da muhawara mai zafi, ana kuwa lissafa shi cikin abubuwan da suka taimaka aka gyara dokar kula da matalauta a 1918.

Daga nan ya ɗauki littattafan Selma Lagerlöf, mace ta farko da ta sami kyautar Nobel ta adabi, a 1909, yana mai da su majigi. Mafi shahara shi ne Körkarlen, watau Mai Tuƙa Amalanke, wanda aka fara nunawa ran 1 ga Janairu, 1921. Bikta da kansa ya fito a matsayin wani mashayi da ya wulaƙanta iyalinsa, aka bijiro masa da ayyukansa ɗaya bayan ɗaya a daren ƙarshen shekara, har nadama ta kama shi. Mai ɗaukar hotonsa, Julius Jaenzon, ya riƙa ɗaukar hoto a kan hoto a faifai guda, sai amalanken ya fito kamar inuwa, ana hango abin da ke bayansa. Masu kallo suka yi mamaki ƙwarai.

Da sunansa ya kai Amurka, sai attajiran majigi na Holiwud suka gayyace shi a 1923. Da ya ke sunan ya yi wa harshensu nauyi, suka mai da shi Seastrom. Ya yi aiki da manyan 'yan wasa irin su Lon Chaney da Lillian Gish, da 'yar ƙasarsu Greta Garbo. A 1928 ya fitar da wasan iska, The Wind, wanda aka ɗauka a hamadar Mojave, ana kaɗa rairayi da farfelar jirgin sama. Amma kasuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Majigi mai magana ya shigo tun 1927, hajar da ya ƙware a kanta ta daina ci. A 1930 ya koma gida. Wasa na ƙarshe da ya shirya a Ingila ne, a 1937, sa'an nan ya tsaya ga fitowa a wasannin da waɗansu suka shirya, bai ga wannan ƙasƙanci ba ne. A 1941 gobara ta cinye ma'ajin kamfanin, yawancin wasanninsa na farko suka salwanta. A 1945 kuma matarsa Edith Erastoff ta rasu.

Daga 1943 zuwa 1949 shi ne mai duba ayyukan kamfanin Svensk Filmindustri. A nan ya ja wani saurayi mai zafin kai a jiki, Ingmar Bergman, ya yi masa nasiha sa'ad da ya ke shirya wasansa na fari. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A 1957 almajirin, ya riga ya shahara, ya roƙi malamin ya fito a wasansa Smultronstället. Bikta yana da shekara 77, ƙarfi ya ja baya, amma ya yarda ya bi umarnin wanda ya horar. Ya fito a matsayin wani tsohon likita da ya kama hanya daga Sitokholm zuwa Lund don karɓar lambar girma, a hanya yana bitar rayuwarsa, ya gane ilmi ya ɗaukaka shi amma taurin zuciya ya raba shi da nasa. Wasan ya ci babbar kyautar bikin majigi na Balin a 1958.

Bikta ya rasu a Sitokholm ran 3 ga Janairu, 1960, yana da shekara 80. Ya fara da maraici, ya ɗanɗana ɗaukaka, ya ga juyin kasuwa, ya ƙare da tawali'u. Har yau masana majigi suna lissafa shi cikin waɗanda suka kafa wannan sana'a. Tamat.