Fulailu Ɗan Iyal: Ɗan Fashin Da Ya Zama Malamin Makka

Duk wanda ya taɓa kwana bisa hanya da kaya ya san tsoron 'yan fashi. To, a zamanin da, can ƙasar Hurasana, jin sunan Fulailu ɗan Iyal kaɗai ya kan hana ayari tashi da dare.

An haife shi a Samarkanda, ya girma a Abiwarda. Tsakanin garin nan da Sarahas yake tare fatake yana ƙwace musu dukiya. Ran nan da dare yana haura katanga zuwa wurin wata yarinya da yake so, sai ya ji wani yana karanta aya ta 16 ta Suratul Hadidi, wadda ke tambayar muminai ko lokaci bai yi ba da zukatansu za su rusuna ga ambaton Allah. Jikinsa ya yi sanyi, ya sauko, ya amsa cewa lalle lokaci ya yi.

Ya raɓa cikin wani kango, sai ya tarar da matafiya suna gardama. Wasu sun ce a tashi, wasu sun ce a bari gari ya waye, don Fulailu na kan hanya. Nan ya ga yadda ya zama dodon Musulmi. Ya tuba, ya ɗauki alkawarin ƙare rayuwarsa kusa da Ɗakin Allah.

Ya tafi Kufa ya karanci Hadisi, sa'an nan ya zauna Makka. Manyan malamai kamar Abdullahi ɗan Mubarak da Imamu Shafi'i sun ɗauki ilmi wurinsa, kuma akwai ruwayarsa cikin Buhari da Muslimu. Sarki Haruna Rashidi ya zo har gidansa da dare. Fulailu ya tuna masa tsayuwa gaban Allah har sarki ya yi kuka. Aka miƙa masa dinari 1,000, ya ƙi karɓa.

Duk da haka tsoron mutuwa bai rabu da shi ba. An ce ya tambayi wani mutum shekarunsa, ya ce 60. Fulailu ya nuna masa cewa shekara 60 ke nan yana tafiya zuwa ga Ubangijinsa, ya kusa isa. Hankalin mutumin ya tashi, ya nemi dabara. Fulailu ya gaya masa dabarar mai sauƙi ce: ya kyautata abin da ya rage, a gafarta masa abin da ya wuce. In kuwa ya ɓata sauran, a kama shi da duka biyu.

Ya rasu a Makka cikin watan Muharram, shekara ta 187 bayan Hijira, wato 803, yana da wajen shekara 80.

Jama'a, kowane baƙo ya san wata rana zai koma gida, shi ya sa yake tanadi. Allah ya sa mu tuba tun ƙofa na buɗe, ya sa mu cika da imani, amin.