Frederic Chopin: Makaɗin da aka binne gawarsa a Faransa, zuciyarsa a Poland

Duk shekara biyar, matasan makaɗan piyano daga sassan duniya kan hallara a Warsaw, babban birnin Poland, domin wata gasa da ba a kaɗa komai a cikinta sai kiɗan mutum guda, Frederic Chopin. Shi kuwa mai sunan, a zamaninsa gudun taro yake yi.

An haife shi a 1810 a ƙauyen Zelazowa Wola, mahaifinsa Bafaranshe, mahaifiyarsa ’yar Poland. Ya bar Warsaw a farkon Nuwamban 1830. Kafin watan ya ƙare jama’ar birnin suka yi wa mulkin Rasha bore, aka murƙushe su a shekara mai zuwa, shi kuma bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba. A Faris ya zauna, yana koyar da ’ya’yan masu hali, yana kaɗa musu piyano a zaurukan gidajensu, kusan yadda makaɗan fada irin su Narambaɗa suka dogara da iyayen gidansu. Wasannin da ya yi a bainar jama’a duk rayuwarsa ba su wuce talatin da wani abu ba. Amma kaɗe-kaɗen rawar ƙauyukan Poland da ya sarrafa sun zama alamar al’ummar da aka shafe ƙasarta daga taswira.

Ya rasu ranar 17 ga Oktoba, 1849, yana da shekara 39, bayan doguwar jinyar ƙirji. An binne shi a Faris, amma bisa wasiyyarsa aka cire zuciyarsa, yayarsa Ludwika ta kai ta Warsaw a ɓoye cikin kwalba, aka ajiye ta a ginshiƙin wata majami’a. A 2014 aka fito da kwalbar cikin dare, masana suka duba ta ba tare da buɗe ta ba, suka danganta mutuwar da tarin fuka.

Bayan Poland ta sami ’yanci, malamin piyano Jerzy Zurawlew ya kafa gasar a 1927. Wanda ya fara lashe ta, Lev Oborin, daga Tarayyar Sobiyet ya fito, wato magajiyar daular da ta raba Chopin da gida. Lokacin mamayar Jamus aka hana kiɗansa, aka tarwatsa mutum-mutuminsa a 1940, gasar ba ta dawo ba sai 1949.

Rigima ba ta ƙyale ta ba. A 1980 Martha Argerich ta fice daga cikin alƙalai saboda an cire Ivo Pogorelich. Hayaniyar ta kusa danne labarin da ya fi cancantar kulawa: wanda ya yi nasara a shekarar, Dang Thai Son na Biyetnam, ya fara koyon piyano ne a ƙauyen da aka kwashe makarantarsu zuwa can saboda ruwan bama-baman Amurka, kuma shi ne ɗan nahiyar Asiya na farko da ya lashe gasar.